Dokar kurman jirgi: an tsare sama, wa zai tsare na ƙasa?



Maganar da muke so mu tayar a wannan fitowa ita ce ta ƙananan jiragen nan marasa matuƙi, waɗanda jama'a suka laƙaba wa suna kurman jirgi. Manyan na soja masu ɗauke da makamai zancensu daban ne. Muna nufin na farar hula, wanda ake saye a kanti kamar yadda ake sayen rediyo, a sa shi cikin jaka a rataya. Akwai wanda kamfanin DJI na ƙasar Sin yake ƙerawa, nauyinsa gram 249 kacal, yana yin kamar minti 30 a sama, yana kuma ɗauke da na'urar hoto wadda take rarrabe saniya da maraƙi daga nesa. Kuɗinsa bai wuce na bijimi guda mai kyau ba. Yau masu ɗaukar hoton biki suna da shi, ƴan jarida suna da shi, haka kamfanonin haƙar ma'adinai, da masu manyan gonaki, da ƙungiyoyin agaji, da masu tsaron gandun daji. Ƙasashe kuwa kowace tana ta rubuta dokarta a kansa, ko tana gyara wadda ta rubuta.

Ƙorafinmu guda ne. Masu rubuta waɗannan dokoki sun ɗaga kai suna kallon sama, suna tsaron jirgin fasinja, da filin jirgi, da barikin soja, da fadar shugaba. Mutumin da abin yake shawagi a kansa, da dabbarsa, da bukkarsa, da rijiyarsa, ba a cika tunawa da su ba. Kuma in an tuna, mutumin birni ake tunawa, mai katanga da takardar fili.

Wannan kallon sama yana da asali. A shekara ta 1944 ƙasashen duniya suka sa hannu a kan yarjejeniyar Shikago, wadda ita ce uwar dokokin zirga-zirgar jiragen farar hula, kuma daga gare ta hukumar ICAO ta fito. Aya ta 8 ta yarjejeniyar ta yi magana a kan jirgi maras matuƙi tun wancan zamani: kada ya ratsa sararin wata ƙasa sai da izininta, kuma a bi da shi yadda ba zai zama haɗari ga sauran jirage ba. Ga sauran jirage, jama'a. Daga nan aka damƙa al'amarin ga hukumomin jiragen sama, ANAC a nan Nijar, NCAA a Nijeriya, da takwarorinsu. Mutanen kirki ne, sun san aikinsu, amma aikinsu shi ne kada ƙarfe ya yi karo da ƙarfe a cikin iska. Ba wanda ya taɓa koya masu abin da garke yake yi in ya firgita.

Ku dubi yadda doka take sauri in an taɓa masu hawa jirgi. A watan Disamba na 2018 aka ce an ga kurman jirgi kusa da filin jirgin Gatwick a Ingila. Aka rufe filin, tafiyar jirage wajen 1,000 ta lalace, fasinjoji wajen 140,000 suka rasa yadda za su yi. Ba a gurfanar da kowa gaban alƙali a kan abin ba, amma kafin watan Maris na 2019 ya ƙare an faɗaɗa kewayen da aka hana tashi a gefen filayen jirage har kilomita 5. Wata uku ke nan. Mu kuwa shekara nawa muka yi muna roƙon a kafa turaku a gefen burtali guda?

Maƙwabciyarmu Nijeriya ta bi hanyar tsanani. A watan Mayu na 2016 hukumar NCAA ta yi shela cewa ba mai tada kurman jirgi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Sharuɗɗan da aka gindaya wa mai son yin sana'a da shi a lokacin sun haɗa da kamfani mai jarin naira miliyan 20, da naira 500,000 kuɗin duba takarda waɗanda ba a mayarwa. An sake tsara dokokin a 2023, amma darasin yana nan. Ƙofa irin wannan mai kuɗi kaɗai take shiga. Kamfanin ma'adinai ya biya ko a jikinsa, ƙungiyar makiyaya ko ta manoma kuwa sai dai ta leƙa ta taga. Maroko ma tun 2015 ta hana shigo da su sai da izini na musamman.

Za a ce mana tsaro ne, kuma ba mu raina wannan hujja ba. Gaskiya ne ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a yankin Sahel da tafkin Cadi sun yi amfani da irin waɗannan jirage na kasuwa, suna leƙen asiri da su, har suna ɗaura masu abin fashewa. Amma wane ɗan bindiga ne ya taɓa cika takardar neman izini? Mutanen jahar Difa sun san amsar. A 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka tsaida cinikin tattasai da kifi. Wanda ya sha wuya shi ne mai kai mara lafiya asibiti da mai kai nono kasuwa. Hani na bai-ɗaya mai bin doka kaɗai yake ɗaurewa. Don haka ba ma cikin masu cewa a haramta abin kwata-kwata, kuma duk wanda ya ɗauka makiyayi maƙiyin sabon abu ne bai ga yadda wayar salula ta shiga rugga ba.

Mun san amfaninsa. A Ruwanda, tun watan Oktoba na 2016, kamfanin Zipline yake kai jini asibitocin karkara da kurman jirgi. Ya buɗe a Gana a 2019, ya iso jihar Kaduna a 2022. A nan gida, a 2016, hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi amfani da wani da ɗan Nijar ya ƙera don zana taswirar sansanonin jahar Difa. Abin da ya kai jini ga mai naƙuda zai iya kai allurar rigakafin ciwon huhu na shanu ga garken da yake kwana uku daga likitan dabbobi. Zai iya duba tafki ko da sauran ruwa kafin a kora dabbobi wuni guda a banza. Zai iya hango gobarar daji tun tana ƙarama.

To ina matsalar? Bari mu fara da dabba, tunda ita muka fi sani.

Ƙarar kurman jirgi kamar ta taron ƙudan zuma take. A Tanzaniya masu tsaron daji da ita suke korar giwaye daga gonaki. A Ostareliya da Niyu Zilan masu kiwo suna kora shanu da tumaki da shi, har akwai wanda aka sa wa lasifika yana haushi kamar kare. Watau an tabbatar, ba zato ba ne, cewa mutum yana tsaye nesa zai iya tada garke ya juya shi inda ya ga dama. Shanun can ma sun saba da mota da inji. Ina ga jajayen shanun Bororo, waɗanda ko baƙon mutum ba su yarda ya matso ba sai mai su? A ɗauka tsakar rani ne a bakin rijiya mai gaba arba'in, raƙumi ko takarkari yana jan guga, yaro yana riƙe da akala, shanu ɗari biyu sun matsu da ƙishirwa a gefen kwami. Wani ya sauko da jirginsa don ya samu hoto mai kyau. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya ya san sauran labarin: igiya ta fizge, a tattake maraƙi, mai ciki ta yi ɓari, in Allah bai kiyaye ba yaron ma ya tafi. Mai jirgin ya naɗe kayansa ya shiga mota. Wa za a kama, kuma a gaban wa?

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce, an taɓa kai ta kotun ƙoli a Amurka. Wani mai kiwon kaji, Thomas Causby, yana da gona kusa da filin jirgi a jihar Karolina ta Arewa. Lokacin yaƙin duniya na biyu jiragen soja suka riƙa wucewa a kan gidansa, tsayin ƙafa 83, watau mita 25 da ɗan wani abu. Kaji suka riƙa firgita suna dukan bango, wajen 150 suka mutu, sana'ar ta rushe. A 1946 kotun ta ce sararin sama hanyar kowa ce, amma iskar da take dab da ƙasar mutum tana cikin haƙƙinsa, kuma gwamnati sai ta biya shi. Kaji 150 suka sa aka yi wa gwamnatin Amurka iyaka.

Amma a lura da kyau, don nan ne gizo yake saƙar. Causby ya ci shari'a saboda filin nasa ne, yana da takarda. Dokokin Turawa a kan sirrin mutum da kutse duk a jikin gida da shinge da takardar mallaka aka rataye su. Makiyayi fa? Filin kiwo na ƙasa ne, ba na mutum ɗaya ba. Dokar karkara ta Nijar ta 1993 abin da ta ba shi shi ne fifikon amfani a mazauninsa na asali, ba mallaka ba. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ƙara da cewa yawon kiwo haƙƙi ne na asali wanda gwamnati ta amince da shi kuma ta lamunce. Madalla. Sai dai in aka kwafo dokar kurman jirgi daga Turai aka manna, za ta ce kada a yi shawagi a kan gidan mutum ba da yardarsa ba, sa'an nan jandarma ya dubi bukkar tabarma ko tantin fata ya ce wannan ai daji ne. Alhali kuwa gida ne. Nan ake haihuwa, nan mata suke wanka a bayan ɗan itace, nan ake jinya. Gidan birni yana da rufi da katanga da za su kare shi daga ido. Rugga nisa ne katangarta, kuma kurman jirgi nisan nan ya zo ya cinye. Duk dokar da ba ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa zangon makiyayi gida ne a duk inda ya sauka ba, ta bar mu a waje tun daga shafin farko.

Sai maganar ƙidaya. Kowa ya san ba a tambayar Bafillace yawan shanunsa, kuma mutanen gari suna ɗaukar abin camfi ne ko kunya kawai. Akwai tarihi a ciki. Kakanninmu sun ga zamanin jangali, lokacin da ƙirga saniya yake nufin karɓe kuɗi, har ake kora rabin garke cikin kwazazzabo in an ji mai ƙidaya yana tafe. Yau abin ya fi jangali muni, domin a wuraren da ake sace mutane don kuɗin fansa, da yawan dabbar mutum ake yanka masa farashi. Kurman jirgi cikin minti 10 zai ɗauki garke duka, da wurin kwanansa, da hanyar da yake bi zuwa mashaya, da yawan mazan da suke zango. Hoton nan yana shiga kwamfuta, daga can ya bi waya. Wa yake ajiye shi, har tsawon wane lokaci, wa aka sayar wa? Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukuma mai kula da ita, HAPDP. Nijeriya ta yi tata a 2023. Waɗannan dokoki suna, da fuska, da lambar waya suka fi sani. Ya kamata a faɗa a fili cewa hoton garken mutum da wurin zangonsa suna cikin bayanan da ake karewa, domin a wurin makiyayi su ne asusun bankinsa da adireshinsa gaba ɗaya.

Akwai wani wurin da abin zai fi yi mana ciwo, kuma ba a faye zancensa ba: shari'ar ɓarna. Duk kaka, kafin a saki gonaki, ana kai ƙara gaban hakimi ko hukumar filaye cewa dabbobi sun shiga gona. Da can baki da baki ne, a je a duba sawu, a kira shaidu. Gobe mai babbar gona zai zo da hoto daga sama, ga shanu ga gero, ba gardama. Mai shari'a ya ga abu da idonsa, ya yanke tara. Abin da hoton ba zai nuna ba shi ne gonar nan shekara 5 da suka wuce burtali ce, ko bakin tafki ne, ko kuwa tana arewa da iyakar noma da dokar 1961 ta shata. Hoto yana faɗin gaskiyar minti guda ne, kuma gaskiyar wanda ya ɗauka. In ɓangare ɗaya ne kaɗai yake da ido a sama, to an ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi da sunan ci gaba. Shi ya sa muke cewa tsadar izini zalunci ce a kanmu kai tsaye. Ƙungiyar makiyaya da take da jirgi guda da matasa biyu da aka horar za ta iya ɗaukar burtalin gundumarta duk shekara, da kwanan wata a jiki, ta ajiye a ofishin hukumar filaye. Ranar da aka kawo hoton saniya cikin gona, sai a fito da hoton gona cikin burtali, a aza su gefe da gefe. Manomi na gaskiya ma wannan zai taimake shi, don yawancin masu cinye burtali da filin kiwo da shingen waya ba talakawan ƙauye ba ne.

Feshi kuma ga shi nan tafe. Akwai jirgin feshi na DJI mai ɗaukar lita 40 na magani. Iska ba ta san iyakar gona ba, kuma ciyawar gefe da ruwan tafki dabba ce take ci take sha. A hana feshi kusa da mashaya da burtali, a kuma wajabta sanarwa kafin a yi.

Wani abu kuma da mai zama ofis ba zai ji a jikinsa ba shi ne tsoro. Ranar 24 ga Janairu 2023 harin sama ya kashe makiyaya kusan 40 a yankin Doma na jihar Nasarawa. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin sojan Nijeriya maras matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri cikin jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ƙasar ta ce mutum 85 aka binne. Waɗannan na soja ne, mun sani, kuma dokar farar hula ba ta shafe su ba. Amma labarin ya kai kowace rugga daga Gaya har Ngigmi. Matar da ta ji ƙugi a kanta ba ta da hanyar sanin ko mai ɗaukar hoton ƙungiyar agaji ne ko wani abu ne daban. Za ta kwashi ƴaƴa ta ruga, a bar tukunya a wuta, a bar dabbobi su watse. Wanda ya tada jirgi a kan zango ba sallama ya riga ya yi ɓarna ko bai taɓa kome ba.

Maganin wannan ba ya buƙatar wata fasaha. Baƙo in zai shiga gari yana zuwa wurin mai gari. Mai kurman jirgi ma ya je wurin arɗo ko hakimi ko magajin gari, ya faɗi ko shi wane ne, da ranar da zai tashi, da abin da yake nema, a sanar a rediyon karkara. Jirgin kuma ya kasance da lamba a jiki da rajista. Tarayyar Turai, a dokarta ta 2019 wadda ta fara aiki a ƙarshen 2020, ta wajabta rajista ga mai jirgin da ya kai gram 250 ko mai na'urar hoto, ta kuma hana wuce mita 120 a sama. Amurka ma ƙafa 400 ta yanka tun 2016, daga baya ta wajabta jirgin ya riƙa watsa lambarsa yana cikin tafiya, yadda hukuma za ta san mai shi. Mu ɗauki rajistar da lambar, suna da kyau. Amma a lura, mita 120 rufi ne, an sa shi don kare jiragen da suke bisa. Mu abin da ya dame mu shi ne iyakar saukowa: tsayin da ba a yarda a yi ƙasa da shi ba a kan garke, da rijiya, da kasuwar dabbobi, da zango. Likitocin dabbobi da makiyaya su gwada a fili da shanunmu da raƙumanmu, su yanka adadin, kada a kwafo shi daga littafin wata ƙasa. Wanda kuma ya yi sana'a da jirgi ya kasance da inshora, in ya jawo asarar dabba ya biya a gaban hukumar da take kusa, yadda ake sa makiyayi biyan ɓarnar gona ba tare da an ce ya tafi Yamai ba.

Kada a manta garke yana ƙetare iyaka. Takardar ƙetare iyaka da dabbobi ta samo asali ne daga shawarar CEDEAO ta 1998, kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025. Shanu dai ba su fasa neman ciyawa a kudu da rani ba. Duk wata yarjejeniyar kiwo da za a ƙulla da Nijeriya ko Benin ko Cadi, a sa wannan magana a ciki.

Saura yadda za a rubuta dokar. Kenya ta yi tata a 2017, majalisar dokokin ƙasar ta soke ta, kuma cikin dalilan akwai rashin jin ta bakin jama'a. Sai a 2020 aka fito da sabuwa. Ba sai mun maimaita wannan ba. Teburin da za a zauna kada ya zama na hukumar jiragen sama da jami'an tsaro su kaɗai. A kira ma'aikatar kiwo, da sakatariyar dokar karkara, da hukumar kare bayanai, da sarakuna, da ƙungiyoyin makiyaya da na manoma, da mata, tunda su ne suke zango in maza sun tafi kiwo. A fassara daftarin da Hausa, da Fulatanci, da Tamajak, da Zabarmanci, da Barbarci, da Tubanci, da Larabci, a karanta a rediyo. In ana neman inda za a samu makiyaya a tare, ba sai an yi hayar ɗakin taro a otal ba: duk shekara wajen watan Satumba suna haɗuwa a Ingal wurin bikin lasar gishiri. A kai daftarin can, a zo da jirgin ma, a tada shi a gaban garke kowa ya gani, sa'an nan a rubuta adadin mitocin.